A Kai Amfanin Binciken Ƙwaƙwalwa Ga Masu Ciwon Sikizofireniya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan ciwon sikizofireniya, wani ciwon ƙwaƙwalwa da kan sa mutum ya riƙa jin muryoyin da babu su ko gaskata abin da ba haka yake ba, wanda a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana addabar mutum kusan miliyan 24, wato ɗaya cikin kowane 300. Ƙanena yana cikinsu, kuma shekara shida ke nan ina jinyarsa.

Maganin farko da aka ɗora shi a kai ya kashe muryoyin da yake ji, amma ya bar shi da sandarewar jiki da rawar hannu, har ruwa ba ya iya kaiwa baki sai ya zube masa a riga. Daga baya na gano yana ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin harshe, da na juya baya sai ya tofar, kuma wallahi ban ga laifinsa ba. Tun 1952, lokacin da likitocin Faransa suka fara amfani da maganin kulofuromazin, kusan duk magungunan wannan ciwo hanya ɗaya suke bi, wato tare aikin sinadarin dopamin a ƙwaƙwalwa.

Masana ba su yi barci ba. A 2014 sun gano wurare 108 a ƙwayoyin gado masu alaƙa da ciwon, a 2022 adadin ya kai 287, sannan a 2024 Amurka ta amince da Cobenfy, maganin da ya kauce wa waccan tsohuwar hanya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ilimin da aka riga aka samu yake makalewa kafin ya isa ga majinyaci. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon ba sa samun sauƙi da magungunan da aka saba, kuma tun 1988 bincike ya nuna wani magani mai suna kulozafin yana taimakon da yawa daga cikinsu. Duk da haka ana ɗari-ɗarin rubuta shi, saboda yana buƙatar gwajin fararen ƙwayoyin jini a kai a kai. Ƙanena sai da ya shafe shekara huɗu kafin a gwada masa kulozafin, ga shi yanzu ya koma karatu.

Ina kira ga masu ɗaukar nauyin bincike da su ware kaso mai tsoka domin sauƙaƙa wannan gwajin jini, da horar da ma'aikatan lafiya su gane alamomin ciwon tun yana sabo, kamar yadda aka fara a birnin Melbon na Ostireliya a 1992. Ina kuma roƙon jaridarku ta gayyato likitocin ƙwaƙwalwa su yi wa iyalai bayanin kulozafin da hikimar gwajin da ke tare da shi.

Wassalam,
Wani mai jinyar ƙanensa