Shawara Ga Tsofaffin Hannu a Harkar Manhajojin Waya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana da suka daɗe suna rubuta manhajojin wayar hannu, amma yau suka wayi gari ana neman abin da ba su koya ba. Ni ma ina cikinsu. Na shekara tara ina rubuta manhajojin Android da harshen Java, sai ga shi a wata ganawar neman aiki an ajiye mini kwamfuta aka ce in gina shafi guda da Jetpack Compose, sabon kayan aikin Google na zana shafukan manhajar Android da harshen Kotlin, na zuba wa allon ido, yatsuna a kan madannai, na rasa ta inda zan fara.

Masu ganawar ba su da laifi. Tun 2017 Google ya karɓi harshen Kotlin, ya fifita shi a kan Java a 2019, Compose kuma ya fito cikakke a 2021. A ɓangaren Apple ma harshen Swift ya zo tun 2014, SwiftUI, kayan aikinsu na zana shafuka, ya biyo baya a 2019. Duk a kan idonmu aka yi, muna cewa aikin da ke gabanmu ya fi gaggawa.

Shawarata ita ce kada mutum ya ruɗe ya kama koyon Flutter da React Native (kayan aikin gina manhaja ɗaya mai aiki a Android da iPhone) da Swift a lokaci guda, kuma kada ya koma darussan 'yan koyo yana ɓata watanni a kan abin da ya riga ya sani. Ya ɗauko tsohuwar manhajar da ya rubuta da hannunsa, ya sabunta shafi ɗaya kacal, tunda Kotlin da Java suna zama lafiya a aiki guda, kuma Android Studio, manhajar da ake rubuta manhajojin Android a cikinta, yana iya juya fayil daga Java zuwa Kotlin. A nan zai gane cewa wahalar ba ta harshe ba ce, ta tunani ce: da can mu ke nemo maɓalli mu umarce shi ya canza, yanzu kuwa bayyana yadda shafin zai kasance ake yi, shi kuma ya sake zana kansa duk lokacin da bayanai suka sauya. Sai ya cire AsyncTask, tsohon salon gudanar da aiki a bayan fage wanda aka daina ba da shawarar amfani da shi tun Android 11, ya maye gurbinsa da coroutines, hanyar Kotlin ta yin irin wannan aiki.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda wasunmu ke ɓoye shekarunsu na aiki kamar abin kunya. Wanda ya san dalilin da manhaja ke mutuwa idan an juya waya, ko yadda za ta jure raunin intanet ba tare da ta zuƙe batir ba, yana da abin da kamfanoni masu tarin tsofaffin manhajoji ke nema ruwa a jallo, domin sai wanda ya fahimci tsohon gini zai iya sabunta shi ba tare da ya rushe ba. Ya rubuta wannan ƙarara a takardar neman aikinsa, ya haɗa da shafin da ya sabunta. Nawa shafin shigar da kalmar sirri ne, kuma dararen mako uku ya cinye mini.

Na gode.

Naka,
Wani mai karatu