Wasiƙa Zuwa Ga Dogo, Daga Kaduna

Dogo mutumina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Amarya da yara. Ka faɗa mata ko 'ya'ya goma ta haifa, a wurina tana nan Amarya. Rabona da jin ɗuriyarka tun sunan autanku, sai dai in ga hotonka a Facebook kana cin kifi a bakin ruwa, ka ajiye tumbi kamar ɗan kwangila. Lallai Fatakwal ta karɓe ka. Akwai tambayar da zan yi maka a kan filin nan na Gonin Gora, amma bari in fara sauke abin da ke raina, don tun ranar Litinin bakina ya ƙi rufuwa.

An ɗauki malamin addinin Musulunci a makarantarmu!

Ka san shekarata tara ina koyar da CRK, wato darasin addinin Kirista, a makarantar Sistocin Katolikan nan. Duk ranar da aka kaɗa ƙararrawar darasina, sai yaranmu Musulmi su kwashi littattafansu su tafi gindin darbejiyar bayan ofis. Ba wanda ya kore su. Doka ce ma ta ba su wannan dama, don sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi darasin addinin da ba nasa ba. To amma minti arba'in fa ake magana, mako bayan mako. Ta taga nake hango su, wannan na zane a ƙasa da tsinke, waccan na gyara wa ƙawarta kitso. Idan WAEC ta matso, mai son rubuta IRK, wato darasin addinin Musulunci, sai iyayensa su nemo masa malami a waje, su sake biyan wani kuɗin. Abin yana damuna, amma na yi shiru shekara da shekaru.

Ruwan sama ne ya buɗe mini baki. Wata rana a watan Yuli aka tsuge da ruwa, ba damar fita, sai suka zauna a bayan aji. Ranar kuwa labarin Yusufu nake yi wa 'yan aji biyar, Farawa sura 37. Ina isowa wurin mafarkin, sai wata yarinya mai farin hijabi, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, taurari goma sha ɗaya ne, da rana da wata." Na ce ina kika karanta? Ta ce a Islamiyya, Suratu Yusuf. Dogo, ka ga yadda aji ya kaure! Wani yaro ɗan mawaƙan coci ya ce ai sun kwafa ne, ita kuma ta ce masa ya faɗi ta inda rigar ta yage in ya sani. Ya ce a wurinmu barin rigar ya yi a hannun matar ya gudu. Ta ce a wurinsu ta baya ta yage, kuma da wannan aka gane mai gaskiya. Suka koma kan kuɗin da aka sayar da shi, mu azurfa ashirin, su 'yan dirhami kaɗan. Har aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya motsa. Ban taɓa yin darasin da yara suka riƙe kamar wannan ba, kuma rabinsa ba ni na koyar ba.

Kai ka tuna kanka. Wa ya riƙa laɓewa a ajin CRK don gudun bulalar malaminku, har ya haddace Zabura 23 ya fi mu masu ita? Har yau in na ce "Ubangiji makiyayina ne" muryarka nake ji, da wannan Turancin naka na Zariya.

Washegari na sami Sista shugaba a ofis. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce a kai maganar taron iyaye. Can aka yi ta. Wata uwa ta miƙe ta ce ita tarbiyyar Katolika take biya wa kuɗi, wanda bai so ya kai ɗansa wani wuri. Wani tsohon katikis, wato mai koyar da addini a coci, shi kuma ya ɗauko tarihi, yadda gwamnati ta ƙwace makarantun mishan a farkon shekarun 1970, St. John's ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta Kakuri ta koma Sarauniya Amina. Ya ce da kaɗan-kaɗan ake farawa. Ban ga laifinsu ba, Dogo. Wanda ya ga rikicin 2000 da na 2002 a garin nan, ya ga yadda kogi ya raba mu, ku can mu nan, dole gabansa ya riƙa faɗuwa. Ni ma ai daga Tudun Wada muka taso a lokacin, ka fi kowa sani, tunda a motar babanka aka kwashe kayanmu.

Fada, limamin cocinmu, shi ne ya kashe wutar. Bai ɗaga murya ba. Ya buɗe takardar Nostra Aetate ta babban taron Batikan na biyu, ta 1965, ya karanta wurin da Ikilisiya ta ce tana duban Musulmi da girmamawa, ya fassara da Hausa don kowa ya ji. Ya ce Misa na nan, addu'ar safe na nan, katikizim na nan, ba abin da za a taɓa. Amma yaron da iyayensa suka damƙa mana amana ba zai ƙara zaman banza a gindin bishiya ba. An kai wata bakwai ana jan maganar kafin ta tabbata. Ta wurin sallah kuwa an ce a dakata tukuna, kuma ban ja ba, a hankali ake bi da irin wannan.

Malamin saurayi ne, ya yi karatu a Jami'ar Bayero, teburinsa na kusa da nawa. Ranar farko ya tambaye ni me ya sa Littafi Mai Tsarki na Katolika ke da littattafai 73, na 'yan Furotesta kuma 66. Muka ci hutun tara gaba ɗaya a kan littattafan Tobit da Makabi, waɗanda ke cikin na Katolika ba sa cikin na Furotesta, shayina ya huce ban sani ba. Da lokacin darasi ya yi, ya shiga ajinsa na shiga nawa. Na leƙa taga, ba kowa a gindin darbejiya sai akuyar maigadi. Sai da na juya wa yara baya na yi kamar ina goge allo.

Af, ka ji Gajere ya sake aure? Wai 'yar Kafanchan ce, kuma ya daina gaisa da mu tunda ya sayi mota. Maman yara na gaishe ku, ta ce busasshen kifin da ka yi alkawari tun bara ko ƙayarsa ba ta gani ba. In za ka zo Babbar Sallah ka sanar da ni da wuri, ina so in kai ka ka ga malamin nan, kuma kason namana kada ya yi ciwon kai.

Naka har kullum,
Ɗan Mishan