Rahoton Ayyukan Shekara: Ta Ina Maganin Gyaran Tunani da Ɗabi'a Yake Kawo Sauƙi?

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

A babban taronmu na bara kun ɗora wa kwamiti aiki guda. Kun ce kowa ya yarda maganin gyaran tunani da ɗabi'a, wanda a asibiti muke kira CBT, yana taimakon masu ciwon damuwa, saura mu bi sawu mu ga ta wace ƙofa sauƙin yake shigowa. Ga inda muka kwana.

Zaman karatu na wata-wata shi ne jigon aikin. Mun faro daga Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa a birnin Filadelfiya na Amurka, wanda a shekarun 1960 ya lura cewa majinyatansa na fama da tunanin da ke faɗo musu ba sallama: ba ni da amfani, duniya ta juya mini baya, gobe ma haka za a wayi gari. Littafin jagora da shi da abokan aikinsa suka fitar a 1979 ya tsaya ne kan cewa in an gyara tunanin, zuciya za ta biyo baya. A kan haka aka yaye yawancinmu.

Zaman da ya fi ɗaukar zafi shi ne na binciken Neil Jacobson, masanin halayyar ɗan adam a Amurka, na 1996. Ya raba majinyata kusan 150 gida uku. Kashi na farko an mayar da su kan harkokin da suka yi watsi da su kawai, ba a taɓa tunaninsu ba. Na biyu an ƙara musu koyon ƙalubalantar tunanin da ke faɗo musu, na uku kuma sun sami maganin cikakke. Da aka auna, sauƙin da suka samu bai bambanta ba, har bayan shekara biyu. Wasunmu suka ce ashe aiki ne magani, gyaran tunani ado ne. Wata 'yar uwa ma'aikaciyar jinya ta ƙi yarda. Ta ce mutumin da ya yi wata uku bai leƙa kasuwa ba, ran da ya koma ya ga maƙwabtan rumfa sun tashi sun tarye shi, ai tunaninsa na cewa kowa ya guje shi ya karye ke nan, ko da ba wanda ya zauna da shi ya yi masa bita. Ni dai ina bayanta. Amma ra'ayi ba hujja ba ne, kuma nan ne sharaɗin da masanin halayyar ɗan adam Alan Kazdin ya jaddada a 2007 ya kama mu: kafin a ce abu kaza ne ya kawo sauƙi, sai an nuna ya sauya tun kafin sauƙin ya zo. Wanda ya auna majinyaci ranar farko da ranar sallama kaɗai ba shi da bakin cewa wanne ya riga wanne. Balle ma tun 1994 masu bincike Ilardi da Craighead sun nuna cewa kaso mai yawa na sauƙin kan zo a makonnin farko, kafin a shiga gyaran tunani gadan-gadan.

Wannan ya sa muka tsara takardar awo ta mako-mako, mambobi suka gwada ta a wuraren aikinsu da yardar majinyata. Tana ɗauke da tambayoyi tara na PHQ-9, ma'aunin tsananin ciwon damuwa, sai biyu namu: me kika yi a makon nan da kika daɗe ba ki yi ba, kuma yaya ƙarfin yardarki da tunanin nan a yau?

Gaskiya ba mu kai inda muka so ba. A ranar cunkoso takardar ce ake fara ajiyewa gefe, makon da aka tsallake kuwa ya tafi ke nan. Aikin gida na rubutu ya gagari da yawa daga matan da ke zuwa mana, ba don ƙi ba, sai don ba su rubuta boko. Laifin kwamiti ne da bai hango haka ba. Gyaran daga wurinku ya fito: wasu sun karɓi ajami, wasu saƙon murya ta WhatsApp, wani ɗan uwa kuma ya riƙa ajiye ƙwayar wake goma a tebur, majinyaci ya ware gwargwadon yardarsa da tunanin. Abin da muka tara bai isa yanke hukunci ba, don haka muna roƙo kada kowa ya kai shi wani taro a matsayin sakamako.

Kada a ɗauki tambayar ta ina sauƙin yake shigowa ta 'yan aji ce. A Ingila, gwajin COBRA na 2016 mai mutum 440 ya nuna ƙananan ma'aikata da aka koya wa dabarar mayar da majinyaci kan harkokinsa sun sami sakamakon da bai gaza na ƙwararrun CBT ba, da rangwamen kuɗi kusan kashi 20 cikin ɗari. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, ma'aikatan lafiya mata na ƙauye ne suka kai dabarun CBT ga masu juna biyu a gwajin 2008. Mu da ƙwararrunmu suka taru a asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa, Kware da Maiduguri, in har mun san ɓangaren da ke ɗauke da nauyin maganin, shi za mu fara koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ba za ta kai ƙauye da ƙafarta ba.

Baɗi za mu rage takardar zuwa shafi ɗaya, mu nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin a haɗa bayanan wuri guda, sannan karatu ya koma kan firgici da aikin Michelle Craske, mai bincike a kan maganinsa. Ma'aji zai gabatar da bayanin kuɗi daban. Masu bashin kuɗin wata don Allah a cika kafin zama na gaba, domin da shi ake buga takardun.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya, a madadin kwamiti