Bayanin kwamiti kan kuɗin lambun mata

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tun bayan sallar layya maganganu ke iso mana, wasu daga kasuwar Tawa, wasu ta WhatsApp daga Abijan, wai an tara kuɗi don lambun rainon itatuwa na matan garinmu amma ba a ga komai ba sai shingen waya. To ga bayani, kuma littafin ma'aji na nan ga duk mai son ya duba.

Abin da ya shigo hannunmu miliyan 1 da jika 850 ne. Fili mai gari ya bayar. Rijiya da zobbanta na siminti ta ci jika 600. Ledojin raino, iri da butocin ban ruwa, jika 150. Ba mu ji ƙorafi a kan waɗannan ba.

Inda ake ta magana shi ne shingen waya, jika 900. Wasu sun ce da ƙaya aka ja, kamar yadda iyaye ke yi. Ai mun ja. Kafin wata biyu iska ta buɗe kusurwar gabas, awaki suka kwana ciki. Da safe muka tarar da ledoji a kife, zogale an gwaguye shi har ƙasa, wata dattijuwa na tsintar abin da ya rage cikin zanenta. Da aka zo maganar sabon shinge, matan ne suka ƙi. Ɗaya ta ce, "Mu sare bagaruwa don mu tsare bagaruwa?" Kuma kowa ya san ma'aikatan gandun daji ba sa wasa da mai saran ɗanyen icce. Turakun ƙarfe muka kafa cikin siminti, don na icce gara za ta cinye. Tsada kuwa ba mu muka kawo ta ba: tun da aka rufe iyakoki a 2023 kayan gini suka tashi. Laifinmu ɗaya, kuma mun amsa shi: ba mu kira taro ba kafin mu saya. A gafarce mu.

Yanzu ɗakwara, gawo, magarya da zogale na tsaye a jere. Matan na sayar da ƴan itatuwan ga masu dashe a ramukan rabin wata masu tare ruwan sama, kuɗin na shiga asusunsu. Cikinsu akwai waɗanda uwayensu suka ɗauki duwatsu a ka a aikin gyaran ƙasa na Keita da aka fara a 1984, lokacin da maza ke cirani. Ba yau suka fara gyaran ƙasar Adar ba.

Godiya ta musamman ga Alhajinmu na Abijan, wanda ba ya son a ambaci sunansa. Shi kaɗai ya ɗauki rabin rijiyar, ya kuma bugo waya yana tambayar ko ruwa ya wadata. Allah ya ƙara buɗi, ya jiƙan mahaifa. Haka samarinmu ƴan cirani, da magina da suka yafe ladar kwana uku.

Sauran jika 200 sun shiga ginin ɗakin ajiya. Bango ya kai, babu rufi, babu ƙofa. Iri da butoci a ɗakin shugabar mata suke kwana, tare da jikokinta. Kwano, katako da ƙofar ƙarfe muke nema kafin ruwan farko ya taɓa ginin. Mai kwano ɗaya ya kawo, mai jika ɗaya ya miƙa wa ma'aji, za a ba shi takarda.