Amsa ga Malamin da ya ce na ba mashaya lasisi

Malam, assalamu alaikum.

Ka tambaye ni a bainar jama'a cewa idan shaye-shaye gado ne kamar yadda na rubuta, a kan me za a yi wa mashayi faɗa, kuma ashe ban ba su lasisi ba ke nan? Ka ƙara da cewa watakila marasa lafiya nake nema wa asibitina. Wannan na bar ka da ita. Duk wanda ya san aikin ya san ba a yin arziki da jinyar mashaya.

Maganar lasisin ce ta yi mini zafi. Mutumin da ya sha zama da uwa tana kuka, ɗanta na kakkarwa da gumi a kan gadon asibiti saboda an raba shi da ƙwaya, shi za a ce yana ɗaure wa shaye-shaye gindi?

Abin da na rubuta shi ne ana gadon saurin kamuwa. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna ƙwayoyin halitta na ɗauke da kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na haɗarin. A ƙasar Denmak da ke Turai, a 1973, an bi sawun 'ya'yan mashaya giya da aka rena a wasu gidaje tun suna jarirai, aka tarar sun fi sauran yaran riƙo faɗawa giya nesa ba kusa ba. Gadon ma yakan zama kariya: mutane da yawa a Japan, Sin da Koriya na da wani sauyi a ƙwayar halitta mai suna ALDH2, wadda ke taimaka wa jiki sarrafa giya, da sun kurɓi giya sai fuska ta yi ja, zuciya ta tashi, shi ya sa ba kasafai take kama su ba.

To sai me? Wanda iyayensa ke da hawan jini, ce masa ake ya rage gishiri tun da wuri. Haka nan wanda ya san akwai mashaya a danginsa: kada ya ɗanɗana ko da wasa, ya gaya wa likita kafin a rubuta masa tiramadol ko kodin, ya nemi maganin damuwa da rashin barci kafin su kai shi ga ƙwaya. Iyaye kuma su sa ido a shekarun balaga, domin ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna sai wajen shekara 25. Ƙasar Aislan da ke arewacin Turai ta tura yara wasanni, ta hana su yawon dare, ta ja iyaye cikin aikin. Masu shekara 15 zuwa 16 da ke buguwa suka ragu daga kashi 42 a 1998 zuwa kashi 5 a 2016.

Duk wannan yana cikin rubutun, can ƙasa da inda ka tsaya. Na san tsine wa mashayi ya fi tara masu tafi. Shekara da shekaru ana zagi, ana ɗaurewa da sarƙa, ana kora daga gida, yaran da ake kawo mana kuwa sai ƙara ƙanƙanta suke yi. Malam, mutum nawa tsinuwar ta warkar? Ka kawo adadin a wurin da ka yi mini tambayar.

Wassalam.