Gaisuwar Sallah daga birnin Rum

Assalamu alaikum Baba da Inna. Barkanmu da shan ruwa, Allah ya maimaita mana.

Ana saukowa daga idi a babban masallacin Rum kowa ya kama hanyar wurin aiki, don nan ba a ba da hutun Sallah. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rashin yara. Ga silalla na tara a faranti kamar yadda Inna take yi, amma har la'asar babu yaron da ya yi sallama ya ce a ba shi goron Sallah. Na san yanzu zaurenmu ya cika da su, ana ta rigimar wa aka fi ba.

Kawu ya tambayi lissafin sadakin Auta, wato nawa ne rubu'in dinari. Sunan dinari daga garin nan ya fito. Wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) Rumawa suka fara buga denariyus, sulen azurfa mai nauyin kusan giram 4.5. Ma'anarsa mai goma, don daidai yake da kwabban tagulla 10. Sarakunansu suka riƙa rage azurfar suna ƙara tagulla har darajarsa ta zube. Larabawa suka ɗauki sunan suka ɗora wa kuɗin zinari, yana cikin Ali Imrana, aya ta 75. Halifa Abdulmalik bin Marwan ya buga nasa a shekara ta 77 bayan Hijira, giram 4.25. Kalmar zinari ma da muke faɗa daga nan take. A Italiya denaro kuɗi ne kawai, a Sifaniya dinero. Baba zai tuna kafin zuwan naira a 1973 ana rubuta sisi 6d, taro 3d. Wannan d ɗin denariyus ne.

To, rubu'in dinari giram 1.06 ne da ɗoriya kaɗan. A tambayi masu zinari farashin giram na ranar, don yana hawa yana sauka. Kada a lissafa da dinarin Kuwait, wannan kuɗin takarda ne.

A gaishe mini da Goggo, a ce mata addu'arta tana isowa, kuma na ga lallenta a hoto, ya kama sosai. Ina gaida Yaya da maiɗakinsa, da Kawu, da Malam na makarantar allo. Auta kuwa ya raba wa yaran goron Sallah a madadina, ya fara da 'yan biyu.

Wassalam, ɗanku.