Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Mambilla Kan Sakamakon Zaɓen 'Yan Majalisar Tarayya

Mai Martaba Sarkin Mambilla,
Fadar Sarki, Gembu,
Ƙaramar Hukumar Sardauna, Jihar Taraba.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Bayan gaisuwa irin ta biyayya, mu talakawanka mazauna Nguroje, Mayo Ndaga, Kakara, Warwar da Mbamnga, manoma da makiyaya da 'yan kasuwa da masu tsinkar ganyen shayi, muna gabatar da kukanmu game da sakamakon zaɓen 'yan Majalisar Tarayya da aka yi ranar 25 ga Fabrairu, 2023. Ba mu zo ƙalubalantar nasarar kowa ba, domin kwana 21 da doka ta bayar don shigar da ƙara sun daɗe da wucewa. Damuwarmu ita ce har yau akasarinmu ba mu san abin da ya fito daga akwatunan garuruwanmu ba.

Kamar yadda Mai Martaba ya sani, ana haɗa ƙuri'un Sardauna da na Gashaka da Kurmi ne a fitar da wakili ɗaya cikin 360 na Majalisar Wakilai, a zaɓen Sanatan Taraba ta Tsakiya kuwa har da Bali da Gassol ake ƙarawa. Abin da ke iso mu ta rediyo jimla ce kawai. A ƙa'ida ana ƙirga ƙuri'u a gaban jama'a, a cike takardar sakamakon rumfa mai suna EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a manna kwafi a rumfa, sannan a ɗauki hotonta da na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS a tura shafin intanet na hukumar zaɓe. Wannan tsari ya wadatar da mutumin Jalingo mai wayar zamani da sabis a ɗakinsa, amma a kwarurrukanmu sai mutum ya hau tudu yana ɗaga waya sama kafin saƙo ɗaya ya fita, balle ya buɗe hoton takarda. Kwafin da ake mannawa a bangon makaranta kuwa, kafin kasuwa ta zagayo iska da raɓar asuba sun cinye shi, kuma wanda ya jefa ƙuri'a da safe ya koma ruga ko gona mai nisa ba ya nan lokacin ƙirga. Takardun wasu rumfunan ma a kan babur suke tafiya, su haye kogin Donga a kwalekwale, su isa wurin tattara sakamako bayan dare ya yi.

Ranka ya daɗe, inda alƙaluma suka ɓuya, jita-jita ce ke maye gurbinsu. Dillalan siyasa suna zuwa wurin waɗanda suka ci zaɓe suna cewa su suka kawo akwati kaza, su karɓi tukwici da sunanmu, yayin da ake jifan wani gari da cewa ya ci amana, don haka kada ya sa rai da rijiya ko gyaran aji. Mafi muni shi ne yadda ake juya zancen ya koma na ƙabila, a ce waɗannan ne suka ƙi ɗan waɗancan. Ƙasar Mambilla da ta ga rikicin ƙabilancin da ya faru a 2017 ba ta da bukatar irin wannan magana a majalisun shayi.

Saboda haka muke roƙon Mai Martaba, a matsayinsa na uban kowa wanda ba shi da jam'iyya, ya nemi kwafin sakamakon kowace rumfa ta gundumomi 11 na Sardauna daga hukumar zaɓe, na Majalisar Wakilai da na Dattawa, a ajiye ɗaya a fada, a bai wa hakimai da dagatai na yankunansu, kuma a karanta wa jama'a da Hausa da Fulatanci da harshen Mambilla. Wasu daga cikinmu sun nuna tsoron kada hakan ya zama hanyar hukunta garuruwan da ba su zaɓi mai nasara ba. Mun auna wannan, muka ga cewa 'yan siyasa sun riga sun mallaki waɗannan alƙaluma ta hannun wakilansu, talaka ne kaɗai ba shi da su, kuma takardar ba ta nuna wanda mutum ɗaya ya zaɓa.

Muna kuma roƙon a kira taron masu ruwa da tsaki kafin zaɓen 2027, domin a tanadi allo mai rufi a kowace rumfa inda za a manna sakamako ya yi makonni bai lalace ba. Mun ɗauki alkawarin samar da katako da kwano da aikin hannu daga aljihunmu idan fada ta ba da izini.

Allah ya taimaki Sarki, ya zaunar da ƙasarsa lafiya.

Naka masu biyayya,
Talakawanka na gundumomin da aka ambata, waɗanda sa hannunsu da dangwalen yatsunsu ke haɗe da wannan takarda.